Tootna da todna: inda masu koyon Indiyanci ke tuntuɓe

Duk wanda ya girma da kallon fim ɗin Indiya ya san "dil toot gaya", wato zuciya ta karye, amma da yawa in sun zo haɗa tasu jimlar sai su cakuɗa tootna da todna. To ba ɗaya ba ne fa. Tootna abu ne ya karye da kansa, todna kuwa wani ne ya karya shi, kamar dai karye da karya a wajenmu. Kofi ya faɗi, "toot gaya". Yaro ya buga shi da ƙasa, "tod diya". Kuma kar a ce tootna karyewa ce kawai, har gilashi in ya fashe ko igiya ta tsinke ita ake faɗa, phootna kuwa, wato fashewa, tafi tafiya da irinsu tukunya da balan-balan.

Sai maganar asali, nan ne mutane suka fi sakin layi. Za ka ji ana cewa Hindi, wato Indiyanci, daga Sanskrit, tsohon yaren Indiya, ta fito kai tsaye, alhali akwai ɗaruruwan shekaru a tsakani da ake kira zamanin Prakrit, kuma Prakrit ɗin ma ba yare ɗaya ba ne, akwai Shauraseni, akwai Maharashtri, akwai Magadhi, sannan Ardhamagadhi wadda mabiya addinin Jain suka rubuta littattafansu da ita. A Sanskrit kalmar trutyati ce, da ta zo bakin masu Prakrit sai r ɗin ya faɗi, ty ya narke ya koma tt, aka samu tuttai. Hindi ta sauke nauyin tt ɗin ta ja wasalin, shi ne toot. Punjabi ta riƙe abinta, har yau tuttna suke cewa, Marathi kuma tutne, Nepali tutnu. Haka lambar bakwai ta yi, sapta ta koma satta, Hindi ta ce saat, Punjabi ta ce satt. Todna ita kuma daga trotayati ta biyo ta todai.

Wanda yafi damuna shi ne furuci. Saboda ana rubuta todna da d a boko sai mutane su riƙa cewa "todna" da d ɗin doki, ko ma su mayar da shi ɗ. A Hindi da Urdu harafin nan r ne na naɗe harshe, kuma mu Hausawa muna da shi, shi ne r ɗin da ke cikin ruwa da rana. Ka ce torna da wannan r ɗin shikenan ka dace. A Marathi dai d ne na naɗe harshe, todne.

Wasu kuma suna zaton bhagna, wato gudu, ba ruwanta da karyewa. Ai daga bhagga na Prakrit take, karyayye, kamar rundunar da aka karya a fagen yaƙi ta watse da gudu. Bengali ma bhanga take cewa in abu ya karye, tushensu ɗaya.