Yadda ake gano kalmar da aka ɓoye a haruffan farko na tsohon littafi

Fara da neman bugun farko, ko hotonsa da aka sa a intanet. Fassara yawanci ba ta da amfani a wannan aiki, domin in an canza harshe haruffan farko sukan watse. Bugun zamani da aka gyara wa rubutu shi ma yakan ɓata lissafin.

Daga nan ka zaɓi ma'auni guda: harafin farko na kowane babi, ko na kowane sakin layi, ko na kowane baiti. Kada ka gauraya su. Jera haruffan a layi ɗaya ba tazara, sannan ka nemi inda kalmomi ke rabuwa.

Misalin da ya fi shahara shi ne Hypnerotomachia Poliphili, wanda Aldus Manutius ya buga a birnin Venis na Italiya a 1499. Babinsa 38 ne, kuma in ka ɗauki babban harafin da ya buɗe kowanne za ka samu POLIAM FRATER FRANCISCVS COLVMNA PERAMAVIT. Latin ne, ma'anarsa ɗan'uwa (laƙabin malamin coci) Francesco Colonna ya so Polia ƙwarai, wato budurwar da ke cikin labarin. Da wannan jimla ake danganta rubuta littafin ga Colonna. Ka lura da V a wurin U. Madaba'un wancan zamani ba sa bambanta su a manyan haruffa, haka ma I da J. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka layin ya karye.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne dogaro da rubutun da kwamfuta ta karanto daga hoto. Harafin farkon babi sau da yawa an ƙawata shi da zane, sai na'urar ta ɗauke shi hoto ne ta tsallake. Harafin da kake nema shi ne ya ɓace. Duba shafin da idonka.

In littafin Hausa kake bincike, tsai da shawara tun farko: sh da ts harafi ɗaya ne ko biyu, kuma ƙ daidai take da k?

Sai gwaji. Kalma mai harafi uku ko huɗu takan fito haka kawai, dace ne. Abin da za ka yarda da shi shi ne jeri mai tsawo, daga farkon sashe zuwa ƙarshensa, ba tsallake ko ɗaya, kuma ma'anarsa ta shafi marubucin ko labarin. In sai ka cire babi biyu kafin ta karantu, kai ka ƙera ta.