Kurakuran da ke ninka kuɗin canza boris ɗin taya

Boris mai kyau a ƙananan motoci irin su Corolla, Civic ko Golf yakan wuce kilomita 100,000 bai yi kuka ba. Amma a Kano sai a sa sabo da ƙaramar sallah, kafin layya ya fara gurnani. Ramukan titi da ruwan damina suna da nasu laifin, sai dai yawancin asarar a gareji ake yin ta.

Kuskuren farko shi ne sayen boris ba a tabbatar shi ne ya mutu ba. Tayar da ta cinye ta gefe guda ma irin wannan ƙugin take yi. Kafin ka nufi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, a mayar da tayoyin gaba baya. In ƙarar ta bi taya, boris ba shi da laifi. In ba ta bi ba, hau titi mai kyau da gudun kilomita 50 zuwa 60, ka ɗan karkata sitiyari hagu. Nauyi zai koma dama, in ƙugin ya ƙaru, galibi na dama ne. Sannan a ɗaga motar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, a kuma juya ta hannu yana kan sifirin: mataccen boris za ka ji gurzarsa a tafin hannunka. Ƙas-ƙas a kwana kuwa aikin shaf ne, sandar da ke kai ƙarfin inji ga taya.

Sai wajen saye. Sunayen da aka sani su ne Koyo, NSK, NTN, SKF da FAG, kuma saboda an san su ne jabunsu ya cika kasuwa. Kwali ba shaida ba ne. Duba rubutun da ke jikin ƙarfen, ka juya shi kusa da kunne, ka gwada lambarsa da ta tsohon. Wanda aka ba ka a rabin farashi, to araha ba ta ado. Ka kuma san irin na motarka: a Corolla ta 2003 zuwa 2008 na gaba boris ne zalla da ake matsawa, na baya kuwa haɗe yake da hob, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa, ƙusoshi 4 ke riƙe shi. Na baya ya fi tsada wajen saye, na gaba ya fi cin kuɗin aiki. In motar tana da ABS, wato na'urar hana taya kullewa in an taka birki, faɗa wa mai shago tun farko.

Babbar ɓarnar ita ce guduma. Yaron gareji ya ɗora tsohon soket a kan sabon boris ya yi ta duka, kowane bugu yana barin ɗan lotsi inda ƙwallayen cikinsa ke gudu. Ido ba ya gani, mota ta fita shiru, bayan 'yan makonni ƙara ta dawo a ce kayan ne ba kyau. A kai shi wajen masu injin matsawa, ko da za a biya daban. Wajen shigar da shi mazauninsa, zoben waje ake dannawa. Wajen shigar da hob, zoben ciki ake tokarewa. A motocin da boris ɗinsu ke da maganaɗisu a fuska ɗaya, fuskar nan sensar ABS mai karanta juyawar taya take kallo. In aka juya ta, fitilar ABS za ta kama, kuma fitar da shi yakan kashe shi.

Notin shaf ma ana raina shi. A Corollar nan awon ƙarfin ɗaurinsa Nm 216 ne, da sifana mai awo ake ɗaure shi, ba a zura bututu mutum ya hau kai ba. In ya yi sako-sako boris zai yi wasa, in ya wuce kima zai yi zafi. A sa sabon noti a lotsa bakinsa, kuma kada a tura motar ko taku ɗaya kafin a ɗaure.

Wajen ciniki kada ka yarda da kuɗi dunƙule. Ce wa makaniki: “Malam, raba min: nawa boris, nawa matsawa, nawa noti, nawa aikinka?” In an kwance ƙusoshin shokoba, sa kuɗin saita ƙafa a lissafi. Ba dole ba ne a canza ɓangare biyu tare in ɗayan lafiyarsa ƙalau.

Masu cewa bari a ga ƙarshen wata su ne ke biya mafi yawa. Boris da ya fara wasa yana cin hob, ya taɓa faifan birki da sensa, aikin da bai wuce awa 2 ba ya koma sayen ƙafa sukutum.