Yadda Ake Tsara Zuƙi Ta Malle Kan Aikin Soja Ba Tare Da Zubar Da Mutunci Ba

A Damagaram hirar soja tana da rassa biyu tun zamanin da Faransa take kwasar samari zuwa yaƙe-yaƙenta. Akwai labarin gaskiya, wanda mazan jiya da yawa ba su cika son buɗe shi ba, akwai kuma labarin raha, wanda mai bayarwa yake ƙara wa gishiri har ya kai inda kowa ya san ba zai yiwu ba, a yi dariya a watse. Na biyun yana da ƙa'idojinsa, kuma wanda bai kiyaye su ba yakan tashi daga mai nishaɗantar da majalisa ya koma maƙaryaci a idon mutanen unguwa, ko ya sosa wa wani tsohon miki bai sani ba.

Sharaɗin farko shi ne masu sauraro su san tun daga farawa cewa almara za a yi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin malamai, domin akwai hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito mai tsoratar da wanda yake yin ƙarya don ya ba mutane dariya. Saboda haka ka buɗe da abin da zai cire ruɗu, kamar ka ce, “Ku gyara zama, yau zan zuƙa muku wadda ba ku taɓa ji ba,” yadda mai tatsuniya yake cewa ga ta nan ga ta nanku kafin Gizo ya fito. Kada ka rantse da Allah ko sau ɗaya, komai daɗin da labarin ya yi, kuma idan wani ya ce ka rantse, ka amsa da dariya ka wuce. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da wannan ba, ya tsaya ga labaran bariki na gaskiya, waɗanda su ma ba su rasa abin dariya.

Daga nan sai zaɓen gwarzon labarin. Idan ka taɓa sa kaki, kana da ikon ka sa kanka a tsakiya. Idan ba ka taɓa ba, kada ka ce ka yi, domin aikin soja yana tafe da girma da haƙƙi, kuma satar wannan girma ba raha ba ce. Hanya mafi sauƙi ita ce ka jingina labarin ga kakanka, tun da al'ada ta ba jika damar tsokanar kaka, ko ka ƙirƙiro wani soja da babu shi, ka ba shi laƙabi, ka riƙa dawo da shi duk lokacin da hira ta yi daɗi har mutanen fada, wato majalisar hira da shayi, su saba da halinsa.

Wurin da ya kamata ka fi ɓata lokaci shi ne sanin gaskiyar da za ka ɗora ƙarin a kanta, domin mai zuƙi yana buƙatar tarihi fiye da yadda ake zato. Faransawa sun kama Zinder, wato birnin Damagaram, a 1899, daga baya garin ya zama hedikwatar mulkinsu a Nijar har 1926 da aka mayar da ita Yamai, shi ya sa barikin soja ya daɗe a nan. Sojojin da suka ɗiba daga Afirka ta Yamma ana kiransu da sunan Sanagal ko da mutum ɗan Mirya ne ko ɗan Magarya, kuma an san su da jar dara. Sun yi yaƙin 1914 zuwa 1918, sun yi na 1939 zuwa 1945 wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, suna cikin rundunar da ta sauka kudancin Faransa a watan Agusta na 1944 ta ƙwato Tulon da Marsai. Bayan haka aka kai wasu Indoshin, wato yankin Biyetnam, inda Faransa ta sha kashi a Diyan Biyan Fu a 1954, aka kai wasu Aljeriya daga 1954 zuwa 1962. Janar Seyni Kountché kansa ya yi Indoshin da Aljeriya a ƙarƙashin tutar Faransa kafin Nijar ta kafa rundunarta a 1961. Hausawan Kano da Katsina kuwa Ingila ce ta kai su Bama, don haka kada ka tura ɗan unguwar Birni ko ta Zango a Zinder can sai ka shirya bayanin yadda ya tsallaka iyaka ya shiga sojan Ingilishi.

Amfanin wannan sani shi ne a kowace majalisa akwai wanda ya yi karatu, kuma kuskure ƙarami ya fi ɓata labari fiye da ƙarya babba. Idan ka ce kakanka ya shiga Balin ya kama Hitila da hannu, wani malamin makaranta zai tuna maka cewa sojojin Rasha ne suka ci birnin a 1945, cewa Hitila ya kashe kansa, kuma an janye yawancin sojojin Afirka daga fagen daga tun ƙarshen 1944. Idan kuwa ka fara da cewa sanyin Faransa ya kai har hukuma takan kwashe sojojin Afirka ta kai su sansanonin Firejus a kudu su yi hunturu, wanda gaskiya ne, to ka sami amincewar malamin, kuma zai bi ka da murmushi zuwa inda za ka kai shi.

Ƙarin ya zama guda ɗaya, a riƙa hawa da shi mataki mataki. Masu koyo sukan zuba komai lokaci guda, gwarzo ya kashe dubu, ya harbo jirgi, ya ninƙaye teku, sai dariya ta mutu tun ba a je ko'ina ba. Ga misalin yadda ake hawa. Kaka ya bar gida da kilishin da mahaifiyarsa ta saya masa a kasuwar Dole, ya cusa shi cikin riga a ƙirji don kada abokan tafiya su gani su roƙa. Sanyin Turai ya busar da kilishin har wuƙa ba ta yanka shi. Ranar gumurzu harsashi ya same shi a ƙirji ya lanƙwashe ya faɗo ƙasa. Harsashi na biyu ya koma inda ya fito. Kaftin ya lura, ya kai rahoto, labari ya isa kunnen Janar Dagol, jagoran Faransawa a yaƙin, aka yanke shawarar a aika Damagaram a sayo kilishi a lulluɓe tankokin yaƙi da shi. Har nan gwarzo yana sama, kuma a nan ne ya kamata ka saukar da shi: dare ɗaya yunwa ta ci ƙarfinsa, ya jiƙa sulken nasa a ruwan zafi ya cinye, da gari ya waye aka nemi samfur aka rasa, shi ya sa har ya rasu bai wuce ƙaramin soja ba. Tabon da yake nuna wa jikoki kuwa, kakarku ta ce jaki ne ya harbe shi a hanyar Matamaye.

A ganina wannan saukarwa ita ce ta raba gwani da mai kuri. Labarin da gwarzo ya gama yana tsaye yana kirari yakan bar masu sauraro da nauyi a zuciya, amma wanda rowa ko yunwa ko tsoron matarsa ya kayar da shi a ƙarshe, kowa yakan ga kansa a ciki. Ka lura kuma cewa kayan labarin na gida ne. Kilishi, goro, duwatsun Birni, ƙishirwar da ta daɗe tana damun garin, laya da maganin ƙarfe na 'yan tauri, duk sun fi tasiri bisa abin da ka gani a majigi. Wanda yake son komawa baya yana da igwogin da aka ƙera a Damagaram zamanin Sarki Tanimun, sai dai a bar sarakuna a gefen labari, kada dariya ta faɗa kansu.

Game da bayarwa, ka riƙe fuskarka, kada ka riga mutane dariya, kuma ka jira shayi ya zagaya sau ɗaya kafin ka fara. Masu sauraro abokan aiki ne, kuma tambayarsu ita ce take ba ka damar ƙari. Idan yaro ya ce, “To Baba, ina lambar yabon da aka ba shi?” kada ka yi fushi, kada ka kare kanka, ka ce, “Ɗana, nauyinta ne ya hana jirgin ruwa tashi daga Marsai, sai da aka sauke ta.” Idan akwai abokin wasanka a wurin, kamar Bafillace a majalisar Barebari ko taubashinka, kana iya sa kakansa ya zama wanda ya ɓuya a bayan tukunyar abinci, da sharaɗin ka ba shi fili ya rama. Wanda babu wasa tsakaninku da shi, kada ka sa danginsa cikin matsorata.

Akwai wuraren da ba a shiga. A ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Caroy kusa da Dakar, sojojin Faransa sun buɗe wuta kan sojojin Afirka da suka dawo daga Turai suna neman haƙƙinsu na kuɗi. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka, suka shafe shekaru da dama suna karɓar kaɗan daga abin da takwarorinsu Faransawa ke karɓa, da yawa kuma suka rasu kafin a gyara. Waɗannan abubuwan tunawa ne da addu'a. Haka nan Boso da Inates da Shinagodar, inda sojojin Nijar suka kwanta dama a hare-hare tsakanin 2016 da 2020, domin a Zinder kana iya zama kusa da maraya ko mahaifin mamaci ba ka sani ba. Ka tsaya ga yaƙin da ya yi nisa, ka bar sunayen mamata da ayyukan tsaro da ake ciki yanzu.

Idan tsohon soja na gaske yana zaune, ka gaishe shi, ka nemi izini da cewa, “Baba, a yi mana afuwa, za mu taɓa sana'arku.” Sau da yawa shi ne zai karɓe labarin ya kai shi inda ba ka zata ba, kuma idan haka ta faru ka ja baya ka zama mai tambaya. Idan kuwa ka ga ya yi shiru, ko ya kau da kai, ko ya fara jan carbi, ka gajarta ka sauya zance ba tare da ka nuna dalili ba.

Saura batun waya. Abin da aka faɗa a fada da fuska da murya yakan rasa alamun wasa idan aka naɗe shi aka tura WhatsApp ko Facebook, har wani a Maraɗi ko Kano ya ɗauka da gaske ya yaɗa. Idan za ka bari a naɗa, ka tabbata jimlar buɗewa ta shiga, ka faɗi a ƙarshe cewa almara ce, kada ka sa kakin soja ko lambar wani don hoto, kuma ka nemi yardar duk wanda muryarsa ta fito a ciki kafin a tura.