Kurakuran Masu Zuwa Kallon Ƙaurar Malam-Buɗe-Littafi a Nahiyar Amurka ta Arewa

Kowace kaka, malam-buɗe-littafin da ake kira monak, mai fukafukai ruwan lemo da baƙaƙen jijiyoyi, yakan taso daga kudancin Kanada da gabashin Amurka ya nufi duwatsun tsakiyar Meziko, tafiyar da kan haura kilomita 4,000. Mutane da dama sukan je kallo su dawo hannu rabbana, alhali ƙwarin suna nan.

Babban kuskure shi ne zuwa da tsakar rana. A lokacin sun watse, wasu can sama, wasu a kan furanni. Sai rana ta yi gora suke sauka su yi dandazo a rassa. Ka isa wurin awa guda kafin magariba, ko ka yi sammako. Muddin sanyi ya sa ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 13, ba sa iya tashi, sai hantsi ya ɗumama su.

Wasu kuma ba sa lura da iska. Iskar kudu tare su take yi, su taru a bakin ruwa kamar Point Pelee, wani tsinin ƙasa a Tafkin Erie da ke lardin Ontariyo na Kanada, cikin Satumba. Da ta juya daga arewa, safiya guda ta ishe su barin wurin. Ka duba hasashen yanayi kafin ka kama hanya. A jihar Texas ta Amurka an fi ganinsu cikin Oktoba.

Akwai masu tsayawa gindin bishiyar da suke kai amma ba su gani ba. In sun rufe fukafukai, bayansu kodadde ne, tamkar busassun ganye. Ka riƙe madubin hangen nesa, ka dubi ɓangaren da iska ba ta bugawa.

Neman su a kan dangin tumfafiya ma ɓata lokaci ne. Tsutsarsu ce ke cin ganyenta, kamar ɗan'uwansu na ƙasar Hausa, amma masu ƙaura ba sa ƙwai. Ruwan furannin kaka suke bi don tara kitse.

Mafi muni shi ne girgiza reshe domin ɗaukar hoto. Da wannan kitsen za su yi wata kusan biyar a dazukan oyamel, wata bishiyar kan duwatsu, na jihar Michoacán a Meziko, daga Nuwamba zuwa Maris, kuma duk tashin firgici ci yake daga gare shi. Wanda ya faɗo ƙasa cikin sanyi ba ya iya tashi, don haka ka dubi gabanka kafin ka taka. Ka kashe walƙiyar kyamara, ka sassauta murya, kada ka kauce daga hanyar da aka shata.