Yadda ake auna hawan jini a gida

Yanzu gidaje da yawa akwai mashin ɗin awon jini, amma wallahi wasu awon banza suke yi. Na ga wanda ya hawo bene yana haki, goro a baki, ya ɗaura mashin ya ga lambar sama ta kai 160 sai salati. Malam goro kamar kofi yake, yana ɗaga jini, haka sigari, a bar su minti 30 kafin awo. Ka yi fitsari tukuna, sannan ka zauna shiru minti 5, ba waya ba hira.

A kujera za ka zauna ba tabarma ba, ka jingina bayanka, ƙafa biyu a ƙasa kar ka harɗe, hannun kuma a kan tebur saitin ƙirji.

Inda mu muka sha wahala shi ne maɗaurin nan da ake naɗawa a damtse. Mun yi wata biyu muna auna Hajiyarmu kullum jini a sama, duk ta tsorata ta daina barci, ashe maɗaurin ne ya yi mata kaɗan don tana da jiki, kuma in ya yi wa mutum kaɗan ƙara lamba yake yi. Ka ari tef ɗin tela ka auna kaurin damtsen, maɗaurin da aka saba sakowa a kwalin mashin yawanci santimita 22 zuwa 32 ne, in damtsen ya wuce haka nemi babba. Kar a ɗaura a kan riga, kar kuma a nannaɗe hannun riga ya shaƙe damtse, a zare hannu daga rigar gaba ɗaya. Ka bar kamar yatsa biyu tsakaninsa da gwiwar hannu. Ni dai mashin na wuyan hannu ba na ba da shawararsa ko da ya fi araha, na damtse irin na kamfanin Omron ya fi, kuma batir in ya yi sanyi a canza.

Auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe kafin shan magani da kuma yamma, kwana 7, kana rubutawa a littafi. In yawanci 135/85 ne (wato lamba ta farko 135, ta biyu 85) ko sama kai wa likita littafin, kuma don ya sauka kar ka ajiye magani da kanka. In ka ga 180/120 ka sake aunawa bai sauka ba, musamman da ciwon ƙirji ko baki ya karkace ko ɓarin jiki ya mutu, asibiti kai tsaye, ba kemis ba.