Yadda ake gano abin da ke cikin rana da gishiri da tsohon faifan CD

Babu wanda ya taɓa ɗebo wani yanki na rana ya auna, amma masana sun san sinadaran da ke cikinta. Dabarar ta fito ne daga ɗakin gwaji a birnin Heidelberg na Jamus, inda Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka nuna a 1859 cewa kowane sinadari, idan ya yi zafi, yana fitar da launukan haske nasa na kansa, kamar zanen yatsa. Kai ma za ka iya maimaita gwajin a gida, da faifan CD wanda ke rarraba haske zuwa launukansa.

Da farko ka nemi kwali mai ɗan tsawo, da tsohon faifan CD, da reza biyu, da salatif, da gishiri, da murhun gas. Idan ka samu faifan DVD ya fi, domin layukan jikinsa sun fi matsewa, suna kuma baza launuka sosai.

Ka huda gefe ɗaya na kwalin, ka manna rezojin biyu baki da baki a kan hudar, ka bar siririyar tsaga tsakaninsu wadda ba ta kai milimita 1 ba. A nan ne yawancin mutane ke ɓata aikin. Tsaga mai faɗi tana haɗe launukan su dame, mai ƙunci ƙwarai kuma tana hana haske shiga, don haka sai ka yi ta gyarawa da haƙuri. A ɗaya gefen ka yanka kwalin a karkace, ka cusa faifan, fuskarsa mai ƙyalli tana kallon tsagar. Sai ka huda ƙaramar kafa a samansa inda za ka sa ido, ka toshe duk wata kafar da haske zai kutso.

Ka fara gwadawa da doguwar fitilar lantarki irin ta ofis. Maimakon bakan gizo mai santsi, za ka ga layuka a rarrabe, har da kore da shuɗi na sinadarin makyuri da ke cikin fitilar.

Yanzu ka kashe fitilun ɗaki, ka kunna murhu, ka jiƙa bakin wayar ƙarfe ka dangwala gishiri, ka riƙe ta da filaya a cikin harshen wutar. Wutar za ta koma ruwan ɗorawa. Ka leƙa ta cikin kwalin: layi ɗaya tak za ka gani, a wajen nanomita 589 (nanomita ma'auni ne na tsawon zangon haske, wanda ke bambanta launi da launi). Sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri ke nan. Ka lura da gurbinsa da kyau.

Saura rana. Kada ka kuskura ka kalle ta kai tsaye, ko da ta cikin kwalin, domin tana iya makantar da mutum. Ka nufi farin bango ko farar takarda da rana ke haskawa. Idan tsagar ta yi kyau, za ka ga bakan gizo da siraran baƙaƙen layuka a ciki, irin waɗanda Joseph von Fraunhofer ya zana fiye da 500 daga cikinsu tun 1814. Ɗaya yana zaune daidai gurbin layin gishirinka. Dalilin da ya sa ya zama baƙi shi ne, iskar da ke saman rana ba ta kai cikinta zafi ba, sai sodiyam ɗin da ke cikin iskar ya shanye launin da shi kansa yake fitarwa.

Wani lokaci sama ce ke riga ɗakin gwaji. A 1868 masana taurari Jules Janssen da Norman Lockyer sun ga wani layi ruwan ɗorawa a hasken rana kusa da na sodiyam, a wajen nanomita 587, wanda bai dace da kowane sanannen sinadari ba. Aka raɗa wa sabon sinadarin suna hiliyam. Sai a 1895 William Ramsay ya fitar da shi daga wani dutse mai yuraniyam a Landan, ya duba haskensa, layin ya faɗa gurbi ɗaya da na rana.