Babi na Shida: Idan Ƙarfin Baƙin Mai Ya Sauka a Injin Babbar Mota

Darasi na 1: Jar wuta

'Yan'uwa direbobi da yaran gareji, mu bi a hankali, ba gaggawa. A gaban direba akwai agogo mai zanen 'yar buta da ɗigo a bakinta. Shi ne gejin baƙin mai. Ƙarfin da famfo ke tura mai da shi yake nunawa, ba yawan man da ke cikin inji ba. A jikinsa za ka ga an rubuta bar ko psi. Bar 1 ya kai psi 14 da rabi. A yawancin manyan injunan gas, in inji ya yi zafi ana tafiya, allura na zama tsakanin bar 2 da 5. A silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, takan sauko, amma ba ta kwanta kusa da sifili.

In allura ta faɗi ko jar wutar gargaɗin mai ta kama, ka sauka gefen titi ka kashe inji nan take. Ko albasa ka ɗauko daga Aliero kana sauri, ko kana hango Jega, kashe. Turbo da metal ɗin karanshaf, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, ba sa jure rashin mai ko na 'yan mintuna, daga nan sai inji ya buga.

Darasi na 2: Sandar auna mai

A nan masu koyo suka fi tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe.

Mota ta tsaya a wuri mai daidai, ba gangare ba. Bayan ka kashe inji, jira minti 10 man da ke sama ya gangaro cikin kwanon ƙasa. Zaro sanda. Kada ka karanta. Goge ta da tsumma mai tsabta. Mayar da ita har ta zauna gaba ɗaya. Sake zarowa. Yanzu ne za ka karanta.

Me ya sa ba a yarda da zaron farko? Lokacin da inji ke aiki mai yana fantsama ya shafi sanda har sama, sai ka ɗauka ya cika alhali ya yi ƙasa. Mu sake faɗa tare: jira, zaro, goge, mayar, sake zarowa. Wanda ya ruɗe kada ya ji kunya, kowa da haka ya fara. Ya ɗauki sanda ya gwada sau biyar.

A ƙasan sandar akwai zane biyu. Na ƙasa an rubuta MIN ko L, wato kaɗan. Na sama MAX ko H, wato cikakke. Wanda bai gama sanin haruffa ba ya riƙe wannan: mai ya tsaya tsakanin zanen biyu. Riƙe sanda bakinta na kallon ƙasa, don in ka ɗaga ta sama mai zai gangara ya ruɗe ka.

In mai bai kai zanen ƙasa ba, ƙara irin wanda ke ciki, galibi mai lamba 15W-40. Zuba lita 2, jira, ka sake aunawa, kuma ka goge sanda tukuna. Sai ka leƙa ƙarƙashin mota ka nemi inda yake yoyo: notin juye, bakin filta, bututun turbo.

Har yanzu akwai masu zaro sanda a gangaren titi, su goge ta da gefen riga mai yashi, su ce mai ya cika. Haba malam! Sau nawa za a faɗa? Yashin nan cikin inji zai koma. Jira, zaro, goge da tsumma mai tsabta, mayar, sake zarowa.

Darasi na 3: Yatsa da hanci

Shafa man tsakanin yatsu biyu, ka shinshina. In ya tsinke, yana warin gas, kuma ya haura zanen sama ba tare da ka ƙara ba, galibi nozul, mai fesa gas cikin inji, shi ke zubar da gas cikin mai. Tsinkakken mai ba ya riƙe ƙarfi, balle a zafin Afirilu kan hanyar Yauri. In launinsa ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga, a duba gasket da kular mai, wato na'urar sanyaya mai. Baƙi kuwa ba laifi ba ne, man injin gas da wuri yake baƙi. In gas ko ruwa ya shiga, ƙarin mai ba magani ba ne. A gyara, a yi juye, a sa filta ta asali.

Darasi na 4: Gejin hannu

Mai ya cika, lafiyarsa lau, amma wuta na ci? Wani lokaci na'urar da ke aika saƙo ga agogo ce ta mutu, ko waya ta tsinke. Kwance na'urar, ɗaura gejin hannu a raminta, tayar da inji kana kallo. In allura ba ta motsa cikin daƙiƙa 15 ba, kashe. In ta nuna ƙarfi, bari inji ya yi zafi, karanta a silo, ka taka totur ka sake karantawa. In lambobin sun yi daidai da littafin motar, canza na'urar kawai.

Darasi na 5: Cikin inji

Ƙarfi lafiya da sanyi, ya faɗi da zafi: galibi metal sun cinye. Ƙasa a kowane lokaci: a sauke kwanon ƙasa, a duba rariyar famfo ko dauɗa ta toshe ta, a duba bawul ɗin rage ƙarfi ko ya maƙale a buɗe, sannan famfon. Wannan aikin babban bakanike ne.

Darasi na 6: Aikin gida

Kowa ya auna man mota ɗaya, ya zana sandar a littafinsa, ya nuna inda mai ya tsaya.